Shari'ar Safiya Hussaini: Wane irin kuskure ne ke rushe hukuncin kotu?

Ranar Litinin 25 ga Maris, 2002, hankalin duniya ya koma kan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ke birnin Sakkwato. 'Yan jarida na gida da na waje sun cika harabar kotun, suna jiran makomar wata mata daga ƙauyen Tungar Tudu, Safiya Hussaini, wadda ta zo riƙe da jaririyarta.

Wata biyar da rabi kafin nan, ranar 9 ga Oktoba, 2001, Babbar Kotun Shari'ar Musulunci ta Gwadabawa ta same ta da laifin zina, ta yanke mata hukuncin jifa. Da Alƙali Muhammad Tambari Usman ya kammala karanta hukuncin alƙalai huɗu da suka saurari ƙarar, sai ga shi an soke hukuncin Gwadabawa gaba ɗaya, an sallami Safiya.

Kotun ba ta ce haddin jifa ba ya cikin shari'a ba. Abin da ta ce shi ne hanyar da aka bi aka kai ga hukuncin ta saɓa ƙa'ida, kuma saɓanin ya yi girman da hukuncin ba zai iya tsayawa a kansa ba.

Fiye da shekara 20 ke nan, amma tambayar da shari'ar ta tayar tana nan da ranta. Duk lokacin da kotun sama ta saki wani da aka ɗaure, za ka ji ana cewa a majalisu da shafukan sada zumunta lauyoyi sun yi wayonsu, mai laifi ya sha. To wane irin kuskure ne yake isa ya rushe hukunci, wane ne kuma kotu ke kawar da kai a kansa?

Abin da ya faru a Gwadabawa

Jihar Sakkwato na cikin jihohi 12 na Arewa da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci zuwa ɓangaren laifuffuka, bayan Zamfara ta buɗe hanya a ƙarshen 1999. A zamanin Gwamna Attahiru Dalhatu Bafarawa, kundin dokokin laifuffuka na shari'a na jihar ya fara aiki a watan Janairun 2001.

Safiya bazawara ce a lokacin, kuma an gan ta da ciki. Magana ta kai ga 'yan sanda, daga nan ta kai kotu a Gwadabawa, garin da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Illela. An gurfanar da ita tare da mutumin da ta ce shi ne ya yi mata cikin. Shi ya musanta a gaban alƙali, kuma da yake babu shaidu huɗu a kansa, aka sallame shi. Ita kuwa aka kama ta da hujja biyu: cikin da ta haifa, da kuma kalamanta da kotu ta ɗauka a matsayin iƙirari.

Duk wannan zaman an yi shi ne ba ta da lauya. Sai bayan hukuncin ya fita ya karaɗe duniya ne lauyoyi, ƙarƙashin jagorancin Abdulkadir Imam Ibrahim, suka shigar mata da ƙara a Sakkwato, tare da tallafin ƙungiyoyin kare haƙƙin mata irin su BAOBAB.

Dalilan da kotun sama ta bayar

Dalili na farko, kuma mafi nauyi, shi ne na lokaci. An haifi jaririyar a farkon 2001, wato cikin ya shiga tun a shekarar 2000, kafin dokar da aka hukunta Safiya da ita ta fara aiki. Sashe na 36(8) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a kama mutum da laifi a kan abin da ba laifi ba ne a dokance lokacin da ya aikata shi, ya kuma hana a yi masa hukuncin da ya fi wanda ke aiki a wancan lokacin tsanani. Doka ba ta komawa baya ta kama mutum.

Na biyu, tuhumar da aka yi mata ba ta fayyace rana da wuri da yanayin da laifin ya auku ba, kuma ba a yi mata bayanin abin da zina take nufi a shari'ance da girman hukuncinta ba. Wanda bai san ainihin abin da ake tuhumarsa da shi ba, ba zai san abin da zai kare kansa da shi ba.

Na uku, ta janye iƙirarinta, kuma a fiƙihu wanda ya yi iƙirarin laifin haddi irin wannan yana da damar janyewa. Na huɗu, ta ce cikin na tsohon mijinta ne. A mazhabar Malikiyya, wadda ake aiki da ita a kotunan Arewa, an yarda ciki zai iya kwantawa har tsawon shekara biyar, a jingina ɗan ga tsohon miji. Wannan ya sa ciki kaɗai bai isa hujjar da babu kokwanto a cikinta ba.

Ra'ayi ya rabu a lokacin. Wasu sun ce matsin lambar ƙasashen Turai ne ya yi aiki, musamman da yake 'yan kwanaki kafin hukuncin Ministan Shari'a Kanu Agabi ya rubuta wa gwamnonin jihohin da ke aiki da shari'a yana ƙalubalantar irin waɗannan hukunce-hukunce, daga baya kuma birnin Rum ya karrama Safiya a watan Satumbar 2002. Sai dai duk wanda ya duba dalilan da alƙalan suka bayar zai ga daga wuri biyu suka fito: tsarin mulkin Najeriya da littattafan fiƙihun Malikiyya.

Ba kowane kuskure ne ke rushe hukunci ba

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, asalin ƙa'idar kotunan ɗaukaka ƙara ita ce su bar hukunci yadda yake, ko da an samu kuskure, matuƙar kuskuren bai jawo rashin adalci ba.

Dokar tsarin shari'ar laifuffuka ta Arewa ta 1960, wadda aka shafe shekaru ana aiki da ita a Sakkwato da sauran jihohin yankin, ta faɗi haka ƙarara a sashe na 382: ba za a soke hukuncin kotun da ke da hurumi ba saboda kuskure ko tsallake wani mataki, sai in kotun sama ta gamsu cewa hakan ya haifar da tauye adalci a zahiri. Sababbin dokokin gudanar da shari'ar laifuffuka, tun daga ta tarayya ta 2015 har waɗanda jihohi suka kafa a bayanta, a kan wannan turba suke.

Tushen wannan ƙa'ida daga Ingila yake. A 1907 aka kafa kotun ɗaukaka ƙarar laifuffuka a can, bayan badaƙalar Adolf Beck, mutumin da aka ɗaure a kan laifin da wani ne ya aikata. Amma dokar da ta kafa kotun ta zo da sharaɗi: ko da mai ƙara ya yi gaskiya a kan kuskuren da ya nuna, kotu za ta iya korar ƙararsa idan ta ga ba a yi masa wani babban rashin adalci ba. Najeriya ta gaji wannan sharaɗi, kuma yana nan a dokokin Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli.

Akwai misalai da ke nuna yadda ake aiki da shi. Tsarin mulki ya ce alƙali ya yanke hukunci cikin kwana 90 bayan kammala jin shaidu da jawaban ƙarshe na lauyoyi. A 1984, a shari'ar Ifezue da Mbadugha, Kotun Ƙoli ta ce hukuncin da ya wuce wa'adi ya zama banza. Hakan ya sa shari'o'in da aka sha wahalarsu suka riƙa rushewa saboda jinkirin alƙali kawai, har aka gyara dokar a 1985. Yanzu sashe na 294(5) ya ce jinkirin ba zai soke hukunci ba sai mai ƙorafi ya nuna cewa ya cutu da shi, misali alƙali ya manta yadda shaidu suka ba da shaida.

Haka ma sashe na 251 na Dokar Shaida ta 2011: idan alƙali ya karɓi wata shaida da bai kamata ya karɓa ba, kotun sama za ta cire ta ta duba abin da ya rage. In ragowar ta isa ta tabbatar da laifin, hukunci na nan daram. Tun a 1968, a shari'ar Musa Sadau, Kotun Ƙoli ta ƙi soke ɗauri duk da ƙorafin cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen binciken da aka gano kayan shaida.

Yin shiru ma yana cin mutum. A shari'ar Gwonto ta 1983, Kotun Ƙoli ta nuna cewa wanda yake da lauya a kotun ƙasa, bai nemi tafinta ba, bai kuma yi ƙorafi ba, ba zai zo kotun sama ya ce a soke hukunci saboda rashin tafinta ba.

Saboda haka kuskuren rubuta suna, ko ambaton sashen doka da ba shi ba ne, ko ɗan saɓani a kwanan wata, ba su cika kai mai ƙara ko'ina ba, in dai ya fahimci abin da ake tuhumarsa da shi kuma ya samu damar kare kansa.

Kurakuran da ke tumɓuke shari'a daga tushe

Akwai kuma kurakuran da kotu ba ta tsayawa auna su, domin sun taɓa ginshiƙin shari'ar. Za a iya kasa su gida huɗu.

Na farko shi ne rashin hurumi. Idan kotu ba ta da ikon sauraron shari'a, ko ba ta zauna yadda doka ta tsara ba, duk abin da ta yi ya tashi a banza, komai kyawun aikin. Wannan na cikin abin da ya kuɓutar da Amina Lawal a Jihar Katsina. Wata kotun shari'a a Bakori ta yanke mata hukuncin jifa a watan Maris, 2002, 'yan kwanaki kafin a sallami Safiya. Babbar Kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da shi a watan Agusta. Amma ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina, da rinjayen alƙalai huɗu a kan ɗaya, ta soke shi. Cikin dalilanta har da cewa alƙali ɗaya ne ya zauna a Bakori, alhali dokar jihar ta ce ya zauna tare da mambobi biyu.

Ba talakawa kaɗai ke amfana da wannan ba. A watan Disambar 2019 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure tsohon Gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, shekara 12 a shari'ar almundahanar sama da Naira biliyan 7 da Hukumar EFCC ta shigar tun 2007. Ranar 8 ga Mayu, 2020, Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar, saboda alƙalin da ya yanke hukuncin, Mai Shari'a Mohammed Idris, an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kafin ya kammala. Ya dawo ne bisa wani sashe na dokar 2015 da ya ba da damar haka, amma Kotun Ƙoli ta ce sashen ya saɓa wa tsarin mulki. Aikin shekara 12 ya koma farko, ba tare da an ce uffan a kan ko an ci kuɗin ko ba a ci ba.

Na biyu shi ne karanta tuhuma. Doka ta ce a gurfanar da mutum, a karanta masa tuhuma, a yi masa bayaninta da harshen da yake ji har kotu ta gamsu ya fahimta, sannan a tambaye shi ko ya amsa ko bai amsa ba. A shari'ar Kajubo ta 1988, Kotun Ƙoli ta ce tsallake wannan mataki yana mayar da shari'ar kamar ba a yi ta ba. Wannan na da muhimmanci a jiha irin Sakkwato, inda Babbar Kotu da kotunan majistare ke rubuta bayanansu da Turanci, yawancin waɗanda ake gurfanarwa kuwa Hausa ko Fulatanci suke ji. Sashe na 36(6) ya ba su haƙƙin tafinta kyauta.

Na uku shi ne damar kare kai, musamman samun lauya a laifin da hukuncinsa kisa ne. A shari'ar Josiah ta 1985 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kisa saboda an yi wa mutumin shari'a ba shi da lauya. Irin wannan dalili ne ya sa a watan Janairun 2021 sashen ɗaukaka ƙara na Babbar Kotun Jihar Kano ya soke hukuncin kisan da wata Babbar Kotun Shari'a ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu a watan Agustan 2020 bisa tuhumar ɓatanci. Kotun ba ta shiga batun ko ya aikata ko bai aikata ba. Ta ce an yi zaman ba shi da lauya, don haka a sake.

Na huɗu shi ne iƙirari. Shari'o'i da dama a Najeriya suna tsayawa ne a kan takardar da 'yan sanda suka ce wanda ake zargi ya amsa laifi a cikinta. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar azabtarwa ko tilastawa. Idan wanda ake tuhuma ya ce dukansa aka yi ya sa hannu, wajibi ne alƙali ya dakata ya yi ƙaramar shari'a a cikin shari'ar don gano gaskiyar hakan. In bai yi ba, kuma iƙirarin ne kaɗai hujja, hukuncin ba ya da ƙafar tsayawa.

Abin da ya haɗa waɗannan huɗu abu ɗaya ne. A kowannensu, kuskuren ya sa ba za a iya amincewa da sakamakon ba. Ko dai wanda ya yanke hukuncin ba shi da ikon yankewa, ko kuma wanda aka yanke wa bai samu damar faɗin nasa ba.

Ƙa'idar ba baƙuwa ba ce

Masu ganin bin ƙa'idar shari'a a matsayin dabarar lauyoyin boko sukan manta cewa malaman fiƙihu sun riga su tsaurarawa a wannan fage.

A tsarin alƙalancin Malikiyya akwai abin da ake kira i'izari. Kafin alƙali ya yanke hukunci, dole ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko wata magana, a gaban shaidu. Littafin Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, malamin Andalus, wanda alƙalan Arewa ke dogaro da shi har yau, ya sanya wannan cikin sharuɗɗan hukunci. Kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a sun sha soke hukunci saboda rashin i'izari kaɗai.

Akwai kuma sananniyar ƙa'idar nan ta tunkuɗe haddi da shubuha, wato in akwai kokwanto, ba a zartar da haddi. Labarin Sahabi Ma'iz ya nuna hakan a aikace. Da ya zo da kansa ya yi iƙirarin zina, Manzon Allah (SAW) ya kau da kai daga gare shi har sau da dama, ya bincika ko hankalinsa ƙalau yake, ya kuma tabbatar ya san ainihin abin da yake faɗa, kafin a yi masa hukunci. Malamai sun ciro daga nan cewa alƙali ba ya gaggawar karɓar iƙirari, kuma mai iƙirarin zai iya janyewa.

Wasiƙar da Halifa Umar ɗan Khaɗɗabi ya aika wa Abu Musa Al-Ash'ari a kan alƙalanci ita ma ta umarci alƙali da ya daidaita masu shari'a a gabansa, kuma kada hukuncin da ya riga ya yanke ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa. A Daular Usmaniyya kanta, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam don shiryar da masu mulki da alƙalai. Wato alƙalan da suka zauna a Sakkwato a 2002 ba sabon abu suka ƙirƙiro ba, gadon gidansu suka yi aiki da shi.

Sallama ko sake shari'a

Soke hukunci ba ya nufin an wanke mutum. Wannan shi ne inda ake yawan samun ruɗani. Kotun sama na da zaɓi biyu: ta sallami mai ƙara, ko ta ce a sake shari'ar a gaban wani alƙali.

Tun a 1959, a shari'ar Abodundu, Kotun Ƙolin Tarayya ta wancan lokaci ta shimfiɗa sharuɗɗan da ake dubawa, kuma har yau su ake bi. A taƙaice, ana umartar a sake shari'a idan an samu kuskuren da ya taɓa adalci, kuma shaidun da ke ƙasa sun nuna akwai ƙwaƙƙwarar tuhuma, kuma laifin ba ƙarami ba ne, kuma sake gurfanar da mutumin ba zai zama zalunci a kansa ba, sannan ƙin sakewar zai fi sakewar zama rashin adalci.

Da wannan ma'auni za a gane bambancin shari'o'in da aka ambata. An sallami Safiya ne domin matsalarta ba ta gyaruwa: ko sau nawa aka sake zama, dokar ba za ta koma baya ta kama abin da ya faru kafin ta ba, iƙirarin kuma an janye shi. A shari'ar Kano kuwa matsalar rashin lauya ce, wadda za a iya gyarawa ta hanyar ba shi lauya, shi ya sa aka ce a sake, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hakan a watan Agustan 2022.

A Amurka ma haka abin yake. A 1966 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke ɗaurin Ernesto Miranda saboda 'yan sanda ba su sanar da shi cewa yana da damar yin shiru da neman lauya ba. An sake masa shari'a a 1967 ba tare da iƙirarin nasa ba, aka sake samun sa da laifi da wasu hujjoji, ya koma gidan yari.

Sai dai sake shari'a na da tsada. Shaidu kan mutu ko su ƙaura, jami'in da ya yi bincike ya yi ritaya, kayan shaida su salwanta. Iyalin da aka kashe wa ɗa, waɗanda suka yi shekaru suna zirga-zirga zuwa kotu, sai a ce su koma farko a kan kuskuren da ba su suka yi ba. Fushinsu na da dalili. Amma wanda ya kamata a tuhuma a nan shi ne mai gabatar da ƙarar da ya rubuta tuhuma sakaka, da kotun da ta tsallake matakin da bai fi minti goma ba. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa.

Waɗanda ƙararsu ba ta kai sama ba

Duk wannan kariya tana aiki ne ga wanda ya ɗaukaka ƙara. Kotun sama ba ta zuwa da kanta ta nemo kuskure.

Ranar 3 ga Janairu, 2002, lokacin da ƙarar Safiya ke gaban alƙalai a Sakkwato, aka rataye Sani Yakubu Rodi a gidan yarin Kaduna. Wata kotun shari'a a Katsina ce ta same shi da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. Ba shi da lauya a shari'ar, kuma bai ɗaukaka ƙara ba. A Zamfara, Buba Bello Jangebe, wanda aka yanke wa hannu a watan Maris na 2000 bisa satar saniya, shi ma bai ɗaukaka ƙara ba. Babu wata kotun sama da ta samu damar duba ko an bi ƙa'ida a shari'o'in biyu, kuma irin waɗannan hukunce-hukunce ba su da gyara bayan an zartar.

Dalilan da ke hana mutane ɗaukaka ƙara sanannu ne: rashin kuɗin lauya, rashin sanin cewa akwai damar, da kuma tunanin cewa ƙalubalantar hukuncin alƙali tamkar ƙalubalantar shari'ar Allah ne. Shari'ar Safiya ta nuna akasin haka, domin malaman shari'a ne da kansu suka gyara kuskuren ɗan uwansu alƙali.

Ga wanda hukunci ya hau kan ɗan uwansa, akwai abubuwan da ya kamata ya riƙe. Lokaci ƙayyadadde ne: galibi kwana 30 ne daga kotun majistare ko ta shari'a, kwana 90 daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ke da reshe a Sakkwato, sai kwana 30 daga can zuwa Kotun Ƙoli. Wanda ya makara sai ya nemi izinin kotu, ya kuma kawo dalili mai ƙarfi.

Sannan kotun sama ba ta sake kiran shaidu a bisa al'ada. Abin da aka rubuta a kundin zaman kotun ƙasa shi take karantawa. In an hana mutum tafinta, ko ya ce an doke shi kafin ya sa hannu, to ya faɗa a lokacin, ya tabbatar an rubuta. Sashe na 36(7) ya ba shi haƙƙin samun kwafin hukuncin cikin kwana bakwai da kammala shari'a. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya kuma zai iya neman Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 domin irinsa.

Safiya ta koma Tungar Tudu da 'yarta bayan hayaniyar ta lafa. Abin da ya raba ta da ramin jifa bai wuce tambayoyi kaɗan da ya kamata a yi tun a zaman farko a Gwadabawa ba: yaushe abin ya faru, wace doka ce ke aiki a lokacin, kuma shin matar da ke tsaye a gaban kotu ta fahimci abin da ake tuhumarta da shi? An yi su ne bayan wata biyar da rabi, saboda ta samu waɗanda suka kai maganarta gaba. A kotunan ƙananan hukumomi 23 na jihar, kullum ana gurfanar da mutanen da ba su da mai kai tasu gaba, kuma a wurinsu zaman farko shi ne na ƙarshe.